Yadda ake neman fatahi, da yadda za ka gane na gaskiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar fatahi da ma'arifa ta yi yawa a bakin samari nan Tawa, a fada ana dafa shayi sai ka ji an ce wane an yi mishi fatahi, wane ya iso, wani ya tashi ya ce duk bidi'a ce, a yi ta gardama har shayi ya huce ba wanda ya tsaya ya faɗi mi ake nufi da abin ma. Su kuma yaran da ke son abin da gaske, waɗanda zuciyarsu ke ƙishirwar Allah, su ne ke faɗawa hannun 'yan damfara a WhatsApp. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da muka ji daga malamai, daki-daki, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Da farko mi ake nema? Ba haske ba ne da za ka gani da ido, ba kuma tashi sama ba ne ko sanin abin da ke aljihun mutane. Asalin maganar tana cikin hadisin Jibrilu wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, yana cikin Sahihu Muslim, inda aka tambayi Annabi (SAW) musulunci, aka tambaye shi imani, sannan aka tambaye shi ihsani ya ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Wanga "kamar kana ganinsa" shi ne abin da ake bi. Kowa a cikinmu ya san Allah na ganinsa, tun muna makarantar allo aka faɗa muna, amma sani ne na kai, shi ya sa mutum yana sane kuma ya yi ƙarya, yana sane ya ci amana. Fatahi shi ne lokacin da sanin ga ya sauko daga kai ya zauna a zuciya, mutum ya daina jin Allah a matsayin labari. Sufaye suna cewa ma'arifa, suna cewa wusuli, 'yan'uwanmu na Izala ba su son waɗannan kalmomi amma su ma suna karantar da tazkiyya da ihsani, kuma ayar ɗaya ce ga kowa, ta cikin suratu Shamsi, cewa wanda ya tsarkake ransa ya rabauta.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan nema ba. Mabiya Buda suna cewa shi Buda ya samu wayewarsa yana zaune ƙarƙashin wata bishiya a Bodh Gaya ƙasar Indiya, Hindu na maganar moksha, Kiristoci na maganar sabuwar haihuwa. Kowa da aƙidarsa kuma ba ɗaya ba ne, ni dai ta musulunci zan yi magana don ita na sani ita nake bi.

To ta ina ake farawa? Ba ta carbi ba, wallahi ba ta carbi ba. Ta ilimin farilla ake farawa. Ahalari ɗin nan da muke rainawa, layinsa na farko cewa ya yi farkon abin da ya wajaba ga baligi shi ne ya gyara imaninsa, sannan ya san abin da zai gyara farillansa da shi kamar hukuncin salla da tsarki da azumi. Ka samu malami a unguwa ka zauna gabansa ka karanta Ahalari da Ishmawi, in Allah ya ba ka iko ka wuce Iziyya da Risala. Na ga samari da yawa masu jan salati dubu-dubu da dare amma in ka tambaye su ƙabli da ba'adi sai su yi shiru, wanga gini ne ba tushe. Hadisi ƙudusi da ke cikin Buhari ya riga ya jera abin, Allah ya ce bawana bai kusance ni da wani abu da na fi so kamar abin da na farlanta mishi ba, sannan bai gushe ba yana kusantata da nafiloli har in so shi. Farilla tukuna, nafila ta biyo baya, son Allah ya zo a ƙarshe. Duk wanda ya juya maka wannan jeri ka san akwai matsala.

Sai tuba, kuma nan ne mafi yawanmu ke makalewa. Tuba tsakaninka da Allah mai sauƙi ce, ka yi nadama ka bari ka ƙudurta ba ka komawa. Mai wuya ita ce wadda ke da haƙƙin mutum a ciki. Jikka ashirin ɗin da ka ranta wajen abokinka a Abijan lokacin ci-rani ka dawo gida ka yi kamar ka manta, gadon ƙannenka mata da ka danne ka ce gona ba ta mace ba ce, iyakar gona da ka ci ta maƙwabci taki biyu kowace damina, matarka da ka bari shekara uku ba aike ba saki. Waɗannan istigfari ba ya goge su sai an mayar ko an nemi yafiya. Ka ɗauki takarda ka rubuta su, ka fara da mafi sauƙi, wanda ba ka da halin biya yanzu ka kira mai shi ka ce mishi ina sane, ka ba ni lokaci. Mutane da yawa sun ce daga nan suka fara jin nauyi ya sauka daga ƙirjinsu tun ba su ja wuridi, wato zikirin da ake lazimta kullum, ko ɗaya ba.

Haka nan abin da kake sa wa cikinka. Akwai hadisi a Muslim na mutumin da ya yi doguwar tafiya, kai ya yi buzu-buzu jiki duk ƙura, yana ɗaga hannu sama ya Rabbi ya Rabbi, alhali cinsa haram shansa haram suturarsa haram, Annabi ya ce ta yaya za a amsa mishi. In kana sayar da hatsi ka duba tiyarka, in albasar Galmi kake ɗurawa a buhu kar ka zuba ƙanana da masu ruɓa a ƙasa ka jera manya a baki, in kabu-kabu kake yi kar ka ninka wa baƙo kuɗi don ka ga bai san gari ba, in ma'aikaci ne kai ka bar goron da ka san ba goro ba ne.

Yanzu maganar shehi, wadda ita ce ake faɗa a kanta. Sufaye sun tafi a kan cewa mai son tarbiyya yana buƙatar jagora, don rai makiri ne, yana iya nuna maka girman kai a matsayin tsoron Allah kai ba ka gane ba sai wani na waje ya gani. Wasu malamai kuma sun ce malamin ilimi da aboki na ƙwarai da littafi sun isa. Ni dai abin da na gani shi ne ba wanda ya yi nisa shi kaɗai. Ƙasarmu kuma ba baƙuwar abin ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo nan Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi cikin jiharmu ta Tawa, Baƙadire ne, ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma shi da kansa ya ba da labarin abin da ya gani yana ɗan shekara arba'in, wajen 1794, inda ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani, mai ɗariƙar Ƙadiriyya, ya rataya mishi takobin gaskiya. Amma ka lura, kafin wannan gani ya shafe shekaru ashirin yana yawon wa'azi da karantarwa, kuma bayan ganin bai aje littafi ba har ya rasu a Sakkwato a 1817. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, malamai mata da ake kira jajjaji na tafiya ƙauyuka suna karantar da mata. Ta ɓangaren Tijjaniyya, Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi 1737 a Ainu Madi ƙasar Aljeriya ya rasu a Fas a 1815, Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha an haife shi 1900 ya bayyana faila, wato kwararar sanin Allah ga mabiya wadda tafiyarsa ta samu suna daga gare ta, a 1929 ya rasu 1975, kuma nan Nijar kowa ya san Kiyota ta jihar Doso, garin Shehu Abubakar Hashimu wanda ya rasu a 2004, inda ake cika lokacin maulidi daga ƙasashe da yawa.

To yaya za ka zaɓi wanda za ka miƙa wa hannu? Kar ka yi gaggawa, wata shida ma ba yawa. Ka je ka zauna a bayan sahu ka yi ta kallo. Yana sallar jam'i a kan lokaci? Ya yi karatu, wajen wa, kuma wa ya ba shi izini, yana iya faɗin silsilarsa a fili? Maƙwabtansa mi suke cewa a kansa, ba almajiransa ba, maƙwabta da masu shagon unguwa da yake cin bashi wajensu. Yaya yake da iyalinsa? In mai kuɗi ya shigo da talaka ya shigo fuskarsa ɗaya ce? Sannan ka dubi tsoffin almajiransa, waɗanda suka shekara goma tare da shi, in ka ga masu sanyin hali ne masu sana'a masu riƙon amana to alama ce mai kyau, in ka ga masu zagin musulmi ne masu zaman banza da raina iyaye, to kai ma haka za ka koma. Shehu Tijjani da kansa ya ce in kun ji magana daga gare ni ku auna ta da ma'aunin shari'a, in ta dace ku ɗauka in ta saɓa ku bari. In mai ɗariƙar ya faɗi haka a kan kansa, wane muƙaddami, wato wakilin shehi mai ba da wuridi, ne ya fi ƙarfin a auna shi?

Wanda ya sa wa fatahi farashi, ka gudu. Wanda ya ce turo kiredi ko ka aiko kuɗi in ba ka sirrin da za ka ga Annabi cikin kwana uku, ka gudu. Wanda ya ce shi ya wuce salla don ya iso, irin masu kiran kansu 'yan haƙiƙa, manyan malaman Tijjaniyya da kansu sun barranta da su, Annabi (SAW) ya yi salla har cikin ciwon ajali. 'Yar'uwa ke kuma wannan naki ne musamman, duk malamin da ya ce tarbiyya sai kin zo ke kaɗai da dare, ko kar mijinki ya sani ko kar uwarki ta sani, ba malami ba ne. Ki tafi da muharraminki ko ki nemi malama mace, akwai su.

In ka samu jagora, sai zikiri. Mai ɗariƙa zai karɓi wuridinsa da izini. A Tijjaniyya lazimi ne safe da yamma, istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sai wazifa sau ɗaya a yini ko biyu, istigfari 30, salatul fatihi 50, hailala 100, jauharatul kamali 12, sai zikirin Juma'a bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Ka san sharuɗɗan kafin ka karɓa don alkawari ne na har mutuwa, ba a haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa, kuma daga cikin sharuɗɗan akwai kiyaye salloli biyar da biyayyar iyaye. Ƙadirawa na da nasu wuridin. Wanda ba ya ɗariƙa ga azkar na safe da maraice, ga istigfari wanda Annabi da kansa yake yi sau 100 a yini, ga salati, ga hizbi ɗaya ko biyu na Alƙur'ani kullum, ga raka'a biyu kafin asuba. Abin da ya fi muhimmanci kar ka ɗauki abin da ba ka iya riƙewa, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Yadda ake yin zikirin ya fi yawansa. Ka yi alwala, ka sami wuri mai tsarki ka fuskanci gabas, ka kashe waya, ba ka sa ta a shiru ba, ka kashe ta ko ka bar ta wani ɗaki. Ka san ma'anar abin da kake faɗi. Ka taɓa zama a wazifa bayan magariba a ƙaramar zawiya, kuran ya ɗauke, an kunna fitilar waya ɗaya an jingina a bango, an kewaye, tsofaffi a gaba yara a gefe, ana hailala murya ɗaya har aka zo jauhara aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya? Ka dubi mutanen da kyau. Akwai wanda carbinsa ke gudu idonsa na kan ƙofa yana ganin wa ya shigo, akwai tsohon da ko motsi ba ya yi, leɓensa kawai ke tafiya, sauro na cizon ƙafarsa bai sani ba. Lafazinsu ɗaya adadinsu ɗaya. Irin na tsohon ga ake so ka koya. Tunani zai zo, na kasuwa, na bashi, na budurwa, kar ka yi kokawa da shi, ka dawo kan lafazin kawai, in ya sake tafiya ka sake dawowa, wannan dawowar ita ce aikin.

Da dare kafin ka kwanta ka yi wa kanka hisabi na minti biyar. Yau wa na ɓata wa rai, wace ƙarya na yi, wace salla na yi a makare, mi na kalla a waya. Ka rage ci kaɗan, ka rage surutu, ka rage zaman da ba a komi sai cin naman mutane. Ba an ce ka bar fada ba, amma in hira ta juya kan wani ka tashi ko ka juya ta. Kuma ka sami wata hidima da ba wanda zai yaba maka, sharar masallaci, ɗebo wa tsohuwar unguwa ruwa, zaman jinya a likita wajen wanda ba shi da kowa.

Duk wannan da na lissafa ba shi ke sayen fatahi ba, wannan ka riƙe shi da kyau. Kyauta ce ta Allah yana ba wanda ya so lokacin da ya so. Zuciya kamar rijiyoyinmu na Adar take, ruwan na can ƙasa ba kai ka zuba shi ba, naka shi ne yasa, ka yi ta fid da laka da yashi guga bayan guga, wata rijiyar ta kawo da wuri wata sai an sha wuya. A faila ana yi wa muridi tarbiyya ta musamman a hannun muƙaddami, wasu cikin kwanaki suke samun abin da ake kira fana'i, inda mutum ke mance kansa da komi in ba Allah ba. Amma malaman abin sun ce wannan ba ƙarshe ba ne, dole a dawo baƙa'i, a dawo cikin mutane da hankali da shari'a. Shehu Ibrahim ya jera maƙamai tara, tuba da istiƙama da taƙawa a musulunci, gaskiya da ihlasi da natsuwa a imani, muraƙaba da mushahada da ma'arifa a ihsani. Ka ga ma'arifa ita ce ta tara, tuba ce ta farko, ba a tsallake.

To yaya ake gane ya samu? Mutane sun fi son su ji labarin mafarki da haske da kuka da jiki na rawa. Waɗannan na iya faruwa, ba na musun su, mafarkin ƙwarai hadisi ya ce yanki ne cikin 46 na annabci, amma hadisi kuma ya ce mafarki iri uku ne, akwai na Allah akwai na shaiɗan akwai na zancen zuci, kuma ba a gina hukunci a kansa. Magabata sun ce ko ka ga mutum yana tashi sama kar ka ruɗu sai ka ga yadda yake da umarni da hani, don akwai istidraji, Allah ya sakar wa mutum igiya yana ganin abin mamaki alhali ɓata yake ƙara yi. Alamar da ba ta ƙarya a hali take. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mugun aiki a suratu Yusufa, ya ambaci rai mai zargin kansa a suratul Ƙiyama, ya ambaci rai mai natsuwa a suratul Fajri. Ka duba kanka a nan. Da in ka yi zunubi ko a jikinka, yanzu yana hana ka barci, to ka motsa. Da in an zage ka sai ka rama ninki biyu, yanzu kana iya haɗiyewa kuma ba ka kwana da abin. Salla ta daina zama kaya. Abokinka ya sayi mota ko ya gina gida ka ji daɗi har cikin ranka. Damina ta yi gardama ko kaya sun yi asara ka yi baƙin ciki irin na ɗan Adam amma zuciyarka ba ta tuhumi Allah ba. Yabo da zagi sun fara zama kusan ɗaya wajenka. Kuma mafi girma, kana ƙara ganin kanka ƙarami, kana ganin kowane musulmi zai iya fin ka wajen Allah, ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa. Wanda ya fito tarbiyya ya dawo yana kallon uwarsa da ubansa a matsayin mahajubai waɗanda ba su san Allah ba, wallahi abin da ya samu ba shi ne ake nema ba. In kana son shaida ta gaskiya kar ka tambayi abokan zawiya, tambayi matarka ko ƙanenka ko yaron shagonka ko sun ga canji.

Kuma ka sani abin yana hawa yana sauka. Sahabi Hanzala ya zo yana cewa ya yi munafunci, don in suna gaban Annabi kamar suna ganin wuta da aljanna, in sun koma cikin iyali da dukiya sai su manta da yawa, Sayyidina Abubakar ya ce shi ma haka yake ji, suka je wajen Annabi ya ce musu ya Hanzala, sa'a da sa'a. Don haka ranar da ka ji zuciya ta bushe kar ka aje wuridi, kar kuma ka ninka shi don haushi, ka ci gaba yadda kake. Imamu Gazali babban malami ne a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya bar kujerar a 1095 ya shafe kusan shekara goma sha ɗaya a keɓe kafin ya koma karantarwa, kai da ka fara bara kar ka ce an yi maka jinkiri.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗi ba. Wani yaro zai ɗauko adadi mai yawa daga intanet ba izini ba jagora, ya kulle ɗaki, ya daina ci ya daina barci, bayan kwanaki ya fara jin muryoyi, yana cewa an naɗa shi wani abu ko ana binsa za a kashe shi, dangi kuma su ce ai jazbu ne, wato fizgar shauƙin Allah, ko iskoki a bar shi. Kar a bar shi. Rashin barci na kwana da kwanaki kaɗai yana iya taɓa ƙwaƙwalwar mai lafiya, balle in akwai ciwo a ɓoye ko yana shan tramol. A tsayar da wuridin nan take, a ba shi abinci a sa shi ya yi barci, a sanar da malami na ƙwarai, sannan a kai shi likita wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ana addu'a ana shan magani ba sa karo. In kai ne ka fara jin haka a jikinka, ka koma kan farilla da azkar na safe da maraice kawai, ka faɗa wa wani babba a gidanku yau ɗin nan kar ka bari sai gobe.